Ƙannena masu riƙe da mota, ƙyallin kujerar fata ba tsabta ba ne

Ranar wata Asabar ina zaune a benci a wani wurin wankin mota da ke gefen titin baifas, ina jiran a zo kan tawa, sai wani saurayi ya shigo da baƙar Camry mai kujerun fata ruwan madara. Da gani motar mahaifinsa ce, don sai duba agogo yake yi. Yaron wanki ya buɗe ƙofa, ya tsoma soson da ya gama wanke tayoyi da shi cikin bokitin omo, ya hau dirzar kujerar direba har kumfa na gangarawa cikin ramin bel. Da ya gama ya ɗauko man goge taya ya fesa, ya bi da tsumma. Kujera ta ɗauki ƙyalli kamar an zuba mata man gyaɗa. Saurayin ya yi murmushi, har ya ƙara wa yaron wani abu a kan kuɗin wanki. Ni kuwa raina ya ɓaci, domin na san inda kujerar nan ta dosa. Tawa ta taɓa bin wannan hanyar, kuma da kuɗina na biya aka lalata ta.

Ƙannena, da ku nake, masu tuƙa motar gida da direbobin manya da wanda Allah Ya hore wa ta farko daga Kwatano. Ku je wurin masu sayar da motoci ku leƙa wadda ba a sha wahala da ita ba. Fatarta ba ta sheƙi. A dushe take, lumui, in ka shafa ba ta kama hannu. Wannan ƙyallin da muke murna da shi, yawanci gumi ne da man jiki da ƙura suka taru suka daskare, zama ya goge su har suka yi santsi. Idan aka ƙara man taya a kai, an rufe datti ne da wani dattin.

Sai mutum ya san abin da yake zaune a kai kafin ya iya kula da shi. Fatar kujerar mota ta saniya ce galibi, an jeme ta a masana'anta, an rina, sannan aka bi samanta da wani siririn rufi mai kama da roba. Rufin nan shi ne garkuwarta. Kana iya gwadawa: ɗiga ruwa kaɗan a wani lungu, in ya tsaya bai nutse ba, to akwai rufin. A motoci da yawa ma inda ake zama da inda ake jingina ne kawai fata, gefe da baya leda ne. Wasu kuma ledar ce gaba ɗaya, irin MB-Tex na Mercedes ko SofTex na Toyota, kuma ba aibi ba ne, tana da juriya. Ko wace ce, abin da kake wankewa wannan rufin ne, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

To, me omo ke yi masa? Duk wanda ya taɓa shiga majema ya san da toka da kanwa ake jiƙa fata don gashi ya tuge, daga baya a sa ta cikin ruwan bagaruwa ta jemu. Fatar da aka gama jima tana da ɗan tsami-tsami a jikinta, a ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin abu ko kanwarsa, nata wajen 5 yake. Omo kuwa dangin kanwar nan ne, nasa kan kai 10 ko ya wuce. Wato abin da ake saɓule fata da shi tun farko, ɗan uwansa kake zuba wa fatar da aka gama. Ba a ganin ɓarnar ranar farko. A hankali launi ke koɗewa, fata ta yi tauri, layukan da zama ya yi mata su zama tsaga. Bilic da fetur da tina da kananzir sun fi haka muni, su nan take suke cin rini. Daga 2020, lokacin korona, wani abu ya ƙaru: sinadarin tsabtace hannu. Mutum ya shafa, hannu bai bushe ba ya kama sitiyari, sai ka ga fatar sitiyarin tana ɓarewa daidai inda yake riƙewa. Turaren feshi ma haka yake yi, don haka a fesa kafin a shiga mota.

Akwai kuma masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka ga kujera ta bushe suka ɗauko man kaɗanya ko basilin ko man zaitun. Na fahimci inda suka samo tunanin. Baduku yana shafa wa takalmi da sirdi mai, fatar ta sha ta yi laushi. Amma tasa buɗaɗɗiyar fata ce. Ta mota a rufe take, man ba ya shiga, sai ya kwanta a sama yana kama ƙura, ya bi ɗinki, ranar Juma'a kuma ka fito da tabo a bayan farar shadda. Man taya ya fi wannan haɗari, domin santsi yake sawa. Direban da ke zamewa a kujera in ya taka birki, ko sitiyari na sulɓe masa a kwana, maganarsa ta wuce ta kwalliya.

Garinmu Kaduna kansa ba ya raga wa fata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busar da komai, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ƙura ta shiga mota ko an rufe gilashi. Ƙurar nan tana kwanciya cikin ɗinki da lanƙwasa, kai kuma kullum ka shiga ka fita kana murza ta, kamar kafinta na goge katako da takardar yashi. Shi ya sa gefen kujerar direba, ɓangaren ƙofa, ke fara mutuwa. Daga nan sai bazara, Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 35. Motar da aka rufe a rana a bakin Kasuwar Gumi ko a tashar jirgin Rigasa, cikinta kan wuce digiri 60. Wanda ya tafi Abuja ya bar ta kwana uku a fili ba abin tare rana a gilashin gaba, ya gasa kujerunsa ne. Damina kuma tata matsalar daban: a shiga da jiƙaƙƙen kaya cikin marka, a rufe mota, bayan kwana kaɗan fumfuna ta fito da wari.

Abin da fatar ke so bai da yawa, shi ya sa nake jin takaici. A fara da cire ƙura, da injin zuƙa ko buroshi mai taushi, a bi ɗinki da tsakanin mazauni da majingina inda ɓawon gyaɗa da yashi ke taruwa. Wanda ya sa ruwa kafin ya cire ƙura taɓo ya kwaɓa. Sannan a jiƙa tsumma mai laushi, fari in da hali, a matse shi sosai, a goge, a bi da busasshe. Sau ɗaya a mako wannan ya isa. In datti ya kama, a nemi sabulun fata na mota a shagunan kayan mota, ko a ɗiga sabulun jarirai kaɗan cikin ruwa. A tsumma ake sawa, ba a kwarara a kujera. A gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, a yi aikin a inuwa bayan kujera ta huce, a bi yanki-yanki ba da ƙarfi ba, a ɗauraye da tsumman ruwa zalla. Man kula da fata wanda aka yi don mota, ɗan kaɗan bayan wata uku ko huɗu, musamman gab da hunturu, kuma a goge rarar har sai ba ta maiƙo.

Tabo kuwa gaggawa yake so. Zoɓo ko shayi ko manja ya zuba, a dafe da tsumma nan take, kada a murza ya bazu. Mai kujera mai haske ya kula da sabon wandon jins da rinin shuni, suna zuba. Ranar kai amarya a shimfiɗa zani, don lallen da bai gama bushewa ba in ya kama da wuya ya fita. Biro in ya daɗe a bar wa masu aikin, kada a ɗauko fetur.

Abu biyu ina roƙon ku kada ku yi wasa da su. Kujerar da ke da ƙananan huji, wadda ke fitar da sanyi ko ɗumi, ba a jiƙa ta. Ruwa zai bi hujin ya shiga soso, ƙarƙashi kuma akwai wayoyi, wasu ma har da na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune. Sannan ku duba gefen majingina. In kun ga an rubuta AIRBAG, jakar iskar kariya tana ciki, ta ɗinkin gefen nan take fashewa ta fito in an yi karo. Rigar kujera mai kauri da aka ɗaure tamau tana iya tare ta. Wanda zai sa riga ya nemi wadda aka bar wa wurin.

Lokacin da tawa ta tsage na kai ta Panteka wurin wani dattijo mai aikin kushin. Ya danna babban yatsa a gefen tsagar, ya kankare wani baƙin maiƙo da farce ya nuna min, ya ce, "Ɗana, wannan ba tsufa ba ne, sabulu ne da mai." Na ce, "Baba, ba za ta gyaru ba?" Ya ce zai cire yankin ya sa leda mai kama da launin, amma duk dillalin da ya buɗe ƙofa zai gane. Haka kuwa aka yi da na zo sayarwa. Mai saye bai ko kunna inji ba, kujerar direba ya fara shafawa, daga nan ya fara rage kuɗi.

Yawancinku motar ba taku ba ce, ta Baba ce ko ta maigida, amana ce a hannunku har ku mayar da makulli. Kuma ban ga laifin yaran wanki ba, neman halaliyarsu suke, abin da suka ga yana faranta wa masu mota rai shi suke yi. Kai ne za ka tsaya a kai ka ce, "Abokina, wanke waje da tabarmin ƙafa, kujeru ka bar min." In kuma shi zai goge, ba shi tsumman da ka tanada, ka nuna masa yadda zai matse, ka hana man taya shiga ciki. Ni tsumma biyu nake ajiyewa a aljihun ƙofa, ɗaya na jiƙawa ɗaya na busarwa, ranar Juma'a da safe kafin rana ta ɗaga nake bin kujerun, in wanke tsumman in shanya a igiyar tsakar gida.