Waƙar soyayya mai sanyi: ana ta surutu a kanta, ba wanda ya duba baitocin

Duk sanda wani yaro ya saki waƙar soyayya irin mai sanyin nan, wadda shi ya zauna ya rubuta abinsa kuma shi ya rera, abu ɗaya muke gani nan Katsina. Kafin dare Facebook da TikTok sun cika, wasu na cewa ɓata tarbiyya ce a kira Hisba, masu sa kiɗa a gidan biki na cewa ba ta tashin mutane rawa don haka ba ta yi ba, masoyansa kuma kowa ya yi magana sai su ce hassada ce, shikenan an gama sharhi, ba wanda ya ɗauko baiti ko ɗaya ya ce ga inda ya yi kyau ga inda ya karye.

Abin yana damuna ƙwarai. Mu fa jihar Shata ce, ɗan Musawa, wanda jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Iyayenmu in suna hirar waƙarsa maganar da ya ƙulla suke maimaitawa, su auna ta, su yi gardama a kanta. Kunnen nan muna da shi, ajiye shi muka yi.

Kuma waƙa mai sanyi ita ta fi buƙatar wannan kunnen, tunda ba inda mawaƙi zai ɓuya. Kiɗan ƙasa-ƙasa yake, fiyano ne kawai da ɗan abin da ba a rasa ba, murya ce a fili. Nan ne za ka ji wanda ya cika waƙarsa da zuciya, masoyiya, duniya, gaskiya don kawai amsa-amon ya fita, baiti ya ƙare bai ce komai ba. Nan ne za ka ji wanda ya ari karin Indiya ya danna Hausa ciki da ƙarfi, inda ya kamata a ja ya datse, inda murya za ta sauka ya ɗaga, har sai ka saurara sau biyu kafin ka gane kalmar. Ga otocun, wato gyaran murya na kwamfuta, da ake zubawa a situdiyo har muryar kowa ta koma iri ɗaya. Waɗannan su ne aibin gaske, kuma mai rubuta waƙa da kansa in ka nuna masa zai gyara a ta gaba, don alƙalamin a hannunsa yake.

Maganar tarbiyya ban raina ta ba, in akwai batsa a fito da ita a faɗa. Amma tsakani da Allah yawancin irin waƙoƙin nan bege ne da kewa da roƙon a riƙe alkawari, saurayi na kukan an hana shi wadda yake so, abin da ke faruwa a unguwanninmu kullum.

Muna da malaman Hausa a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da suka san ma'aunin waƙa ciki da bai. Gidajen rediyonmu su ware ko rabin awa a sati, a sa waƙa ɗaya, a kira malami da mawaƙin su zauna su bi ta baiti-baiti, masu sauraro su bugo waya.