Jirgi Ya Faɗi a Tsibiri: Su Suna Lissafin Lambobi, Mu Muna Neman Alƙibla

Masu shirya fim a Amurka sun daɗe da gano lagon mai kallo. A tara mutanen da ba su san juna ba, a faɗo da jirginsu a wani tsibirin da babu shi a taswira, sannan a saki wani abu yana gurnani cikin daji da tsakar dare. Shi ke nan, an kama ka. Ni ma an kama ni, kuma har gobe idan na ji an yi sabon irinsa sai na leƙa. Amma tun da na bar Kaduna na zo Ingila da zama na lura da wani abu: fim ɗaya muka kalla da mutanen nan, sai dai kowa da inda ya zuba idonsa.

Uban tafiyar irin waɗannan finafinai shi ne Lost, wanda tashar ABC ta fara nunawa a watan Satumba na 2004, ta kammala a watan Mayu na 2010. Zango shida, kashi 121. Jirgin Oceanic mai lamba 815 ya taso daga Sidni zai tafi Los Anjelis, ya tarwatse a sama, mutum 48 suka rayu a ɓangaren da ya faɗa bakin teku. A tsibirin Oahu na Hawai aka ɗauki kusan komai, kuma kashin farko kaɗai ya ci sama da dala miliyan 10, kuɗin da a lokacin ba a saba zuba wa fim ɗin talabijin ba.

Mu a Kaduna a faifai ya iso mana, zamanin da samari suka haukace da kallon sizin, ana gama 24 a ɗora Prison Break. Sai ka shiga Kasuwar Barci ko ka tsaya wajen masu baza faifai a bakin titi, ka saya, ka roƙi mai shago ya gwada maka don kar ka je gida ya riƙa tsalle. A shagon wani abokinmu a Tudun Wada muke taruwa bayan Isha. Idan an ɗauke wuta a yi karo-karon kuɗin mai a tayar da janareta, wanda ya fi jin Turanci ya zauna kusa da talabijin yana fassara wa na baya, yana ƙara gishiri inda ya ga dama. Turawa suna jiran mako guda kafin kashi na gaba, mu kuwa mu cinye zango guda cikin 'yan darare, sannan mu zauna jiran shekara. Wannan kallon jere da Netflix ke taƙama da shi yanzu, 'yan Tudun Wada sun riga su.

Akwai wurin da ɗakin nan ya kaure da musu har sai da aka tsayar da faifan. A farkon labarin, gawarwakin waɗanda suka mutu suna cikin gangar jirgin, aladun daji sun fara shiga, sai likitan nan Jack ya ce a ƙona su. Sayid, Balaraben Iraƙi, shi ne ya nuna rashin jin daɗi, yana tunatar da su cewa mutanen nan kowa da addininsa. Duk da haka aka ƙona. Wani daga cikinmu ya miƙe tsaye yana tambaya, mutum arba'in da wani abu, ga rairayi ga ƙarafunan jirgi, a rasa masu haƙa rami? Wani ya ce ai larura ce, zafi ne kuma cuta za ta ɓarke. Daga nan aka faɗa kan ko Sayid shi kaɗai zai iya sallatar Musulmin da ke ciki, da yadda zai gane alƙibla a wurin da agogon nuna gabas ma ya rikice. Babu wanda ya tuna da dodon da ke karya bishiyoyi a daji.

Goggona ma, wata rana na kawo faifan gida, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ɗan kalla, sai ta ce, "Kai ɗan nan, su waɗannan duk ba mai uwa a cikinsu ne? Ban ji wanda ya ce ko wane hali mutanen gida suke ciki ba." Na ce, "Goggo, ai kowa da abin da ya gudo wa." Ta ce, "To Allah ya shirya," ta ci gaba da shararta. Kuma ta faɗi gaskiya fiye da yadda ta zata, don kusan kowane babban ɗan wasa a labarin yana da ƙullalliya da ubansa.

A nan Ingila, duk wanda na tayar wa da zancen fim ɗin a wurin aiki, da lambobi yake farawa: 4, 8, 15, 16, 23, 42. Idan an haɗa su 108 ke nan, kuma kowane minti 108 sai an danna su a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin ƙasa. Wani abokin aikina ya ba ni labarin yadda ya tashi ƙarfe biyar na asuba don ya kalli kashin ƙarshe daidai lokacin da ake nuna shi a Amurka, ya tafi aiki ransa a ɓace. Shi a wurinsa fim ɗin jarrabawa ce, an ba shi tambayoyi shekara shida, ya yi ta rubuce-rubuce da zane-zane, ranar ba da sakamako aka ce masa ya yi haƙuri, maganar ta ruhi ce.

Bahaushe bai sha wannan wahalar ba. Baƙin hayaƙi yana yawo a daji yana ɗaukar siffar matattu? Ai mun san sunansa tun a tatsuniya da hirar dare. Wurin na mutanen ɓoye ne, a nemi tsari a kauce. Wanda ya taso da imanin cewa akwai gaibu ba ya tsayawa sai an auna masa shi da ma'auni. Har cocin nan na ƙarshe, inda suka haɗu bayan kowa ya mutu a lokacinsa, wanda har yau wasu a nan ke fassara shi da cewa ai tun faɗuwar jirgin matattu ne, mutanenmu nan take suka ce wani abu ne mai kama da barzahu, abin da ya faru a tsibirin kuma ya faru. Kuma haka marubutan suka nufa.

A ganina daɗin irin wannan fim yana makonnin farko ne, kafin a cika shi da ramuka da asirai. Ka ga mutane an raba su da muƙami da asusun banki, kowa ya koma abin da hannunsa ya iya. Masuncin Koriya da ba ya jin Turanci ya fi mai kuɗi amfani. Matarsa ta yi lambu. Wani ya kwashe magunguna da kayan matattu ya ɓoye yana ciniki da su, kuma duk mun san irinsa, shi ne mai rufe shago ya jira farashi ya tashi. Wani ya ce a yi ƙidaya a san su waye ake kwana da su, a nan aka gano akwai mutum guda da sunansa ba ya cikin takardar fasinjoji. Ɗan Kaduna ba sai an yi masa bayanin wannan tsoron ba. Garinmu gari ne na baƙi, jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙu suka tara Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da Inyamuri da Bajju a wuri ɗaya. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, mun ga na 2011. Mun san dokar hana fita ta awa 24, lokacin da unguwa ke zama duniyarka baki ɗaya, maƙwabci ya miƙo garin tuwo ta katanga, matasa su kwana a bakin layi suna tambayar duk baƙuwar fuska daga ina. Mun kuma san yadda kogi ya koma iyaka, na wannan tsallake suna kiran na wancan "su". Da fim ɗin ya fito da wasu mutane a ɗaya gefen tsibirin da ake tsoro tun ba a san su ba, ba mu ji baƙon abu ba.

Aibin kuwa na bashi ne. Labarin asiri adashi ne: mai kallo yana zubi kowane mako da lokacinsa da hankalinsa, bisa alkawarin ranar kwasa. Marubutan Lost sun yi ta karɓar zubi ba su san ranar ba, domin tashar ba ta so a yanka kazar da ke mata ƙwai. Sai a 2007 aka amince za a rufe a 2010. Kafin nan an yi ta jan ƙafa, har aka ɓata kashi guda cur kan tarihin zanen da ke jikin damtsen Jack, abin da su kansu marubutan suka yarda cewa cike gurbi ne. Yaron nan Walt, da aka yi ta nuna yana da wata baiwa, ɗan wasan ya yi tsawo ya wuce shekarun da labarin ya ba shi, aka sallame shi da baiwar tasa. Adalci dai, an amsa tambayoyi da yawa. An faɗi inda farin beyar nan na ƙasar ƙanƙara ya fito, masu bincike ne suka kawo shi. An faɗi cewa lambobin na mutanen da aka zaɓa ne don gadin tsibirin. Amma wanda aka cika wa kai da tashoshin bincike da maganaɗiso, a ƙarshe ka nuna masa wani haske a kogo da dutsen toshe rami, dole ya ce kwasar ba ta kai zubin ba. A nan kam ina bayan abokin aikina.

Sai kuma namu na Najeriya, Mista Eko, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa. Ranar da ya bayyana ɗakin ya ɗauki tafi. Da aka buɗe tarihinsa sai ga shi dilan ƙwaya ne da ya shiga rigar limamin coci, ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai farfela da wai ya tashi daga Najeriya da hodar da aka ɓoye cikin gumaka, ya ƙare a tsakiyar tekun Fasifik. Najeriyar ma a Hawai aka gina ta. Sayid Balarabe mai azabtar da fursunoni, ɗan Najeriya mai safarar ƙwaya: a tsibirin da komai abin mamaki ne, mu kaɗai aka bari yadda aka saba nuna mu. Duk da haka Eko ya fi yawancinsu kwarjini, kuma da hayaƙin ya kashe shi a farkon zango na uku, akwai waɗanda suka daina zuwa kallo.

Waɗanda suka biyo baya ba su gyara ba. The I-Land na Netflix a 2019 kashi bakwai ne, kuma ya yi yawa. The Wilds na Amazon, da 'yan mata suka maƙale a tsibiri ashe gwaji ake yi da su, ya fara a 2020, aka datse shi a 2022 bayan zango biyu, labari a rataye. Da can matsalar ita ce a ƙi ƙarewa, yanzu kuma sai a rufe kafin a kai. Kuma kada mu yi dariya da yawa, don tun da finafinai masu dogon zango suka mamaye Arewa24 da YouTube, mu ma mun iya jan labari. Matuƙar masu talla na biya, asirin da za a tona cikin kashi biyar sai ya kwana hamsin.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk waɗannan labaran sun ginu ne kan zaton cewa da zarar babu ɗan sanda, mutum zai koma dabba. Tun littafin William Golding na 1954 kan yaran makarantar da suka yi ta kashe juna a tsibiri ake jan wannan zaren. Ga mutanen nan da ke zaune lafiya, wasa ne na "da ni ne ya zan yi". Mu tsibirinmu daji ne, kuma ba a allo yake ba. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka ɗauke ranar 28 ga Maris 2022, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito. Likita da ɗalibi da tsohuwa da ƙananan yara, Musulmi da Kirista, waɗanda tikiti kawai ya haɗa su. Dabbancin da aka yi a dajin nan, masu bindiga ne suka yi shi. Tun daga lokacin, idan na ga an nuna waɗanda masifa ta haɗa suna cin naman juna saboda kwalbar ruwa, sai in ji marubucin bai taɓa zama da wanda ya dawo ba.

An ma taɓa yin abin da gaske. A 1965 wasu samari shida 'yan makarantar kwana a ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwalen wani masunci suka shiga teku, guguwa ta lalata shi, suka yi kwana takwas ruwa na yawo da su kafin su faɗa wani tsibiri mai suna Ata da babu kowa. Wata goma sha biyar suka yi. Suka raba aiki bibbiyu, masu lambu, masu girki, masu gadi. Suka kunna wuta suka hana ta mutuwa. Safe da yamma waƙa da addu'a. Idan biyu sun yi faɗa, a raba su kowa ya nufi gefe har ya huce. Ɗaya ya faɗi ya karye a ƙafa, suka yi masa ɗori da itace ya warke. A gida har an yi musu zaman makoki. A 1966 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya hango alamar ƙuna a jikin tsibirin ya matso ya kwashe su. Babu dodo, babu gawa, babu wanda ya ci amanar wani, shi ya sa ba a yi zango shida a kansu ba. Suna sauka a Tonga kuma 'yan sanda suka kama su, don mai kwalekwalen bai yafe ba.