Wai sai da zinare ko azurfa SERS ke aiki?

Da yawa in aka ce SERS, wato dabarar ƙara ƙarfin siginar Raman (hasken da sinadari ke watsowa in an haska masa leza) don gano ɗan mitsitsin sinadari, sai su ɗauka dole sai da zinare ko azurfa. Ba laifinsu ba ne, a kan azurfa masanin kimiyya Fleischmann da abokan aikinsa suka fara ganin abin a Southampton ta Ingila a 1974. Amma fa sinadaran ƙarfe da oksijin irin su TiO2 da ZnO da WO3 ma suna yi, hanyar ce dai daban.

A zinare, hasken leza ne ke kaɗa elektron ɗin ƙarfen gaba ɗaya, filin lantarki ya yi ƙarfi a 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwayoyin zinaren. Su kuwa su TiO2 galibi musayar elektron ake yi tsakaninsu da sinadarin da ya manne a kai, shi ya sa in ƙarfin lezar bai dace da matakan makamashinsu ba sai ka ga shiru kamar an shuka dusa, ka ce ai abin banza ne.

Nan gyaran yake. Da gangan ake cire wasu oksijin a bar gurabe, guraben su zama tsani da elektron zai taka. A 2015 masu bincike a China sun yi haka da W18O49, wato WO3 da aka rage wa oksijin, siginar ta ninka sama da sau 100,000. Zinare har yanzu ya fi su ƙarfi, gaskiya, sai dai waɗannan sun fi araha, TiO2 ma hasken UV (wanda ido ba ya gani) kawai za a haska masa ya wanke kansa a sake amfani da shi.