Makin jirgin sama ba awon nisan tafiya ba ne

Na sha jin 'yan kasuwarmu a Kaduna, musamman masu zirga-zirgar sarin kaya, suna cewa wanda ya tara mil 5,000 a asusunsa na kamfanin jirgi zai yi tafiyar mil 5,000 kyauta, har tsibirin Zanzibar. Abin yana damuna, ko da yake sunan ne ya jawo ruɗanin, tunda mil ma'aunin nisa ne.

Gaskiyar ita ce, wannan mil ɗin maki ne da kamfanin jirgi ke ba fasinja idan ya yi tafiya da jirginsa, tamkar kuɗin da kamfanin ya ƙirƙira, kuma shi ke yanke yawan makin da kowane tikiti zai ci. Yawanci sai mutum ya yi tafiye-tafiye da yawa kafin ya tara na tikiti ɗaya.

A ce ɗan kasuwa daga Kawo yana da maki a ShebaMiles, tsarin tara maki na kamfanin jirgin Ethiopian Airlines, yana son tashi daga Abuja ta Addis Ababa zuwa Zanzibar. Ko makinsa ya isa, harajin filin jirgi da sauran caji daga aljihunsa za su fito. Kujerun da ake warewa masu maki kuma ƙalilan ne, a lokacin hutun Disamba da wuri suke ƙarewa.