Tsakanin shugabannin Amurka da 'yan jarida, ni zumuncin ne ke ba ni tsoro

Shekaranjiya da daddare muna zaune a teburin mai shayi, wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon Donald Trump ne yana yi wa wata 'yar jarida wankin babban bargo a bainar jama'a. Ya ce, "Yaya, ka gani ko? Amurkar da kuke cika mana kunne da ita, ga ta nan ta koma irinmu." Na yi murmushi kawai ban tanka ba, don shayina ya fara hucewa, maganar kuma doguwa ce. To, ga amsar nan yanzu, mai haƙurin karatu ya biyo ni.

Na yi 'yan shekaru ina aikin jarida kafin in kama wata sana'a, kuma har gobe ina bibiyar yadda ake yi a can. Abin da na fahimta shi ne, cacar baki tsakanin shugaba da ɗan jarida tsohon al'amari ne a Amurka, kuma ba ita ce ta fi yi wa jama'a ɓarna ba. Babbar ɓarnar tana zuwa ne ranar da suka shirya, suka tsoma hannu a kwano ɗaya.

Bari in fara da faɗan, tunda shi ne ya ɗau hankalin ƙanena. A 1787 Thomas Jefferson ya rubuta a wata wasiƙa cewa da za a ba shi zaɓi tsakanin gwamnati babu jaridu da jaridu babu gwamnati, na biyun zai ɗauka. Lokacin bai zama shugaban Amurka ba. Bayan shekara 20, yana kan kujera jaridu sun gasa masa aya a hannu, shi ɗin dai ya rubuta cewa babu wani abin da za a gani a jarida a gaskata. Wanda ya gabace shi, John Adams, bai tsaya ƙorafi ba. A 1798 ya sa hannu a dokar hukunta masu sukar gwamnati, aka ɗaure editoci, har da wani ɗan majalisa daga jihar Vermont mai suna Matthew Lyon, wanda ya sha wata huɗu a kurkuku da tarar dala 1,000. Mutanensa suka sake zaɓarsa yana tsare. Harry Truman kuwa, a 1950 wani marubucin Washington Post ya kushe waƙar 'yarsa Margaret, sai ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya rubuta masa cewa ranar da suka haɗu sai ya nemi sabon hanci. John Kennedy ya hana a riƙa kawo jaridar New York Herald Tribune fadar White House a 1962 saboda haushi. Trump ya yi irin wannan ga New York Times da Washington Post a 2019. Ka ga ke nan ba yau farau ba.

Sai Richard Nixon, wanda ya mayar da gabar ibada. Akwai faifan muryarsa na Disambar 1972 inda yake nanata wa mashawarcinsa kan tsaron ƙasa, Henry Kissinger, cewa 'yan jarida abokan gaba ne. Amma dubi abin da gabar ta haifar. A watan Yunin 1971 New York Times ta fara buga takardun sirri na ma'aikatar tsaro da suka tona yadda gwamnatoci a jere suka yaudari jama'a kan yaƙin Vietnam. Gwamnati ta garzaya kotu ta tsayar da bugawa, Washington Post ta ɗauka ta ci gaba, kuma ranar 30 ga watan Kotun Ƙoli ta ba jaridun gaskiya, alƙalai shida a kan uku. Bayan shekara guda aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate, zaren da aka yi ta ja har Nixon ya ajiye mulki a Agustan 1974. Ba jarida kaɗai ta kayar da shi ba, akwai kotu, akwai majalisa, akwai faya-fayen da ya naɗa da kansa. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne su wane ne suka fara bin sawun. Bob Woodward da Carl Bernstein na Washington Post samari ne da ba su cika shekara 30 ba, daga teburin labaran cikin gari. Manyan wakilan da ke kwana suna tashi a fadar, waɗanda jami'ai suka sani da suna, ba su ne suka tono zancen ba. Su suna da abin da suke tsoron rasawa.

Nan ne maganata take. Lokacin da nake aiki, in an gama taron manema labarai a wani gidan gwamnati da ba zan ambata ba, akwai wani jami'i da kan tsaya a bakin ƙofa da 'yar jakarsa. Kowa ya zo wucewa sai ya danƙa masa ambulan ya ce, "Ga na mota." Na karɓa, ba sau ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in rubuta kaza. Ni da kaina, in na zauna rubutu, sai in ji kalmar da ta dace ta yi mini nauyi, in nemo mai laushi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Washington ba a raba ambulan a bakin ƙofa, manyan jaridunsu ma sun hana wakilansu karɓar kyauta. Nasu ladan kuturun shi ne kusanci: a kira ka kai kaɗai a tsegunta maka labari, a ba ka kujera a jirgin shugaban ƙasa, a ɗaga wayarka da tsakar dare. Ɗakin da ake yi wa 'yan jarida bayani a fadar kujeru 49 ne kacal, kuma kowa ya san darajar layin gaba.

Franklin Roosevelt ya ƙware a wannan. Ya yi taron manema labarai kusan 1,000, yana kiran wakilai da sunayensu yana tsokanarsu. Tun 1921 ƙafafunsa suka shanye, amma ya yi shekara 12 yana mulki kusan ba a ga hotonsa a keken guragu ba. Wannan zan iya cewa kara aka yi masa, kuma ban ga wanda ya cutu ba. Na Kennedy ya ɗara haka, domin aminansa na ƙut da ƙut akwai 'yan jarida irin su Ben Bradlee, kuma an rufa masa asiri kan rashin lafiyarsa da harkokinsa na mata har ya mutu.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Iraƙi, wataƙila saboda an sako sunan maƙwabciyarmu Nijar a ciki.

Ranar Lahadi 8 ga Satumban 2002, New York Times ta buga a shafin farko, da sunan Michael Gordon da Judith Miller, cewa Saddam Hussein na neman wasu bututun alminiyom domin haɗa makamin nukiliya. Majiyarsu jami'an gwamnatin George Bush ne da ba a bayyana sunayensu ba. Da safiyar ranar, mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya bayyana a talabijin yana kafa hujja da labarin. Ku lura da wasan: gwamnati ta raɗa wa jarida, jarida ta buga, gwamnati ta ɗaga jaridar ta ce ba mu muka faɗa ba, ga shi a New York Times. Daga baya ta tabbata bututun na rokoki ne na yau da kullum, kamar yadda masana a ma'aikatar makamashi ta Amurkar suka faɗa tun farko.

A gefe guda kuma ana yawo da wasu takardu da suka ɓullo ta Italiya, wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. Tun a Fabrairun 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya bincika. Ya san ƙasar, don a can ya fara aikin diflomasiyya. Ya yi kwana takwas yana shan shayi da tsofaffin jami'ai da masu harkar ma'adinai, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki, domin a lokacin ma'adinan Arlit suna hannun kamfanonin da Faransawa ke jagoranta, kuma irin wannan kaya ba ya fita a ɓoye. Duk da haka, ranar 28 ga Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Ranar 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei na hukumar makamashin nukiliya ta duniya ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga ciki tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar fiye da shekara 10 kafin ranar da aka rubuta a kanta. Duk wani ɗan jarida a Yamai zai gane wannan kafin ya shanye kofin shayi. Bayan kwana 13 aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Da Wilson ya gaji ya fito ya rubuta da sunansa a watan Yuli, me aka yi masa? Aka bi ta hannun 'yan jarida. Marubuci Robert Novak ya fallasa cewa matarsa Valerie Plame ma'aikaciyar CIA ce, aikinta ya tashi. Da aka zo bincike, Judith Miller ta yi kwana 85 a tsare saboda ta ƙi faɗin wanda ya yi mata maganar. Ɓoye majiya abin yabo ne a wannan sana'a, na yarda. Amma wa take karewa? Lewis Libby, shugaban ma'aikatan ofishin Cheney. Ita da kanta ta bayyana cewa ya roƙe ta, in za ta yi amfani da maganarsa, ta kira shi tsohon ma'aikacin majalisa, ta kuma amince. An yi rigar ne domin ƙaramin ma'aikaci mai tona asirin manya, sai ga babba ya sa ta yana jifa daga ciki. Kotu ta sami Libby da laifin yi wa masu bincike ƙarya a 2007, Bush ya ɗauke masa zaman gidan yari, Trump ya yafe masa gaba ɗaya a 2018.

Akwai waɗanda suka gano gaskiya tun da wuri. Jonathan Landay da Warren Strobel na kamfanin jaridu na Knight Ridder sun yi ta rubuta cewa hujjojin ba su da ƙwari. Su ba su da lambar Cheney, sai suka riƙa bin matsakaitan ma'aikata, waɗanda su ne ke karanta rahotannin da idonsu. Kamfaninsu ba shi da jarida a Washington ko New York, don haka ba a saurare su ba. New York Times ta fito a Mayun 2004 ta amsa cewa ta yi sakaci, bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kada wani ya ce mini ai wannan halin 'yan Republican ne. Barack Obama mutum ne mai fara'a da iya zance, 'yan jarida na sonsa, amma a zamaninsa ma'aikatar shari'a ta kwashi bayanan kiran waya na wata biyu daga layukan kamfanin dillancin labarai na AP a asirce, kuma gwamnatinsa ta gurfanar da masu tsegunta wa 'yan jarida bayanai ƙarƙashin dokar leƙen asiri fiye da dukkan gwamnatocin baya in an haɗa su. Joe Biden kuma, sai da aka yi muhawararsa da Trump ta 27 ga Yunin 2024 duniya ta ga halin da tsufa ya sa shi. Ina masu zama a layin gaba suke duk tsawon lokacin?

Ban ce abin da Trump ke yi wasa ba ne. Mutumin da ya kira kafafen labarai maƙiyan jama'ar Amurka tun 2017, ya hana wakilan AP shiga ofishinsa a 2025 don sun ƙi sauya wa Tekun Mexico suna, ya kuma rufe bakin Muryar Amurka har mu da muka saba kama Sashen Hausa da asuba muka ji shiru, ba mai wasa ba ne. Sai dai zaginsa a fili yake, kowa na gani, kuma wanda aka zaga yakan ƙara wasa wuƙa. Ni inda idona yake shi ne kan masu jaridun. Jeff Bezos ya sayi Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250, kuma sauran kamfanoninsa suna da kwangiloli da gwamnati. Ana saura kwanaki zaɓen 2024 ya hana jaridar bayyana goyon bayan ɗan takara, masu biyan kuɗin karatu sama da 200,000 suka janye. A Janairun 2025 mai zanen barkwancinta Ann Telnaes ta ajiye aiki bayan an ƙi buga zanen da ta yi na attajirai, har da shi Bezos ɗin, suna durƙuso gaban Trump. A jaridar da mai ita a wancan zamani, Katharine Graham, ta tsaya tsayin daka gaban Nixon ke nan, lokacin da ake neman ƙwace lasisin gidajen talabijin ɗinta na Florida.

Ƙanena, in ka kai nan, ga wani bidiyo da nake so ka nema maimakon wancan. A Maris ɗin 2004 ne, wurin liyafar shekara-shekara ta wakilan rediyo da talabijin a Washington. Shekara guda ke nan da fara yaƙin, ba a ga makaman ƙare dangin ba, sojojin Amurka da suka mutu sun haura 500, na Iraƙi kuwa sai dai a yi shiru. Bush ya hau mumbari yana nuna hotunansa a majigi: ga shi ya duƙa yana leƙen ƙarƙashin kayan ofishinsa, ga shi yana duba bayan labule, yana cewa makaman nan dai dole suna wani wuri, a'a ba sa nan, ko suna ƙarƙashin nan ne? Zauren cike yake da 'yan jarida cikin baƙaƙen kwat, ga abinci a gabansu. Ka ƙara sautin wayar sosai, za ka ji dariyar.