Dashen da babu mai shan inuwarsa

Akwai wani hadisi da Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, wanda na daɗe ina juya shi a raina. Manzon Allah (SAW) ya ce idan Alƙiyama ta zo alhali ɗayanku yana riƙe da ɗan dashen dabino, in har zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Dabino sai ya shekara da shekaru kafin ya yi 'ya'ya. Mai dashen ba zai ci ba, ɗansa ba zai ci ba, ko tsuntsu ba zai sauka a kansa ba. Duk da haka aka ce ya dasa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan shi ne yawan mutanen da suka jingine rayuwarsu suna jiran tabbas. Wani ya ƙi fara karatu sai ya tabbatar akwai aiki a ƙarshensa. Wata ta ƙi sakin jiki da kowa don kada a ci amanarta. Kowa na cewa "bari komai ya daidaita tukuna", kwanaki kuwa na ta tafiya. Jiran gawon shanu ke nan, domin tabbas ɗin da ake jira ba a taɓa ba ɗan Adam shi ba. Ƙarshen Suratu Luƙman ya faɗa ƙarara: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu kuma wanda ya san ƙasar da zai mutu.

Ba na raina wannan fargabar, domin a jikinmu take. A shekarar 2016 masu bincike a jami'ar University College da ke Landan sun sa mutum 45 wani wasan kwamfuta, suna ɗaga duwatsu; duk wanda ya tarar da maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja shi da lantarki a hannu. An gano cewa hankalinsu ya fi tashi a lokacin da abin yake rabi da rabi, fiye da lokacin da suka san lallai za a ja su. Wato zullumi ya fi dukan kansa ciwo. Shi ya sa kasuwar masu duba da masu hasashe ba ta mutuwa, shi ya sa kuma jita-jita ke gudu a intanet: duk wanda ya zo da amsa yankakkiya, ko ƙarya ce, yakan samu masu saurare.

Amma tabbas na ƙarya yana da tsada. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude daga Austriya, ya shiga hannun 'yan Nazi na Jamus a 1942, aka kai shi sansanin fursunoni na Auschwitz a 1944. Ya ba da labarin cewa cikin abubuwan da suka fi cin ran fursunoni har da rashin sanin ranar fita. Wasu sai suka yanka wa kansu rana, suka ce zuwa Kirsimetin 1944 suna gida. Da ranar ta zo ta wuce ba a buɗe ƙofa ba, mace-mace suka ƙaru a sansanin da yake a lokacin, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Sun rataya ransu a kan ranar da babu wanda ya yi musu alkawarinta.

Shi kuwa Frankl, an ƙwace masa rubutun littafin da ya ɓoye a cikin rigarsa. Daga baya, yana fama da zazzaɓi mai tsanani a wani sansani, ya riƙa tsintar guntayen takardu yana sake rubuta abin da ya tuna. Bai san ko zai kai gobe ba, balle a buga. Ba na cewa wannan ne ya tsirar da shi. Dubban da suka fi shi ƙarfin zuciya sun halaka, kuma matarsa da iyayensa da ɗan'uwansa duk ba su fito ba. Abin da nake cewa shi ne, a ranakun da ya yi yana rubutun nan, rayuwarsa tana da abin da take yi wa. Ma'anar tana cikin aikin tun kafin a san sakamako.

Sai dai akwai gyara, kuma dole a yi shi. Ba kowane rashin tabbas ne daga gaibu yake ba. Ma'aikacin da bai san ranar da za a biya shi haƙƙinsa ba, da majinyacin da bai san ko zai tarar da likita ba, ba ƙaddara ce ta rufe musu gobe ba, mutane ne. Duk wanda ya ce musu su rungumi halin da suke ciki ya yi musu rashin adalci, ya kuma wanke mai laifi. Irin wannan yaƙarsa ake yi. A ruwayar Tirmizi, da wani ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, amsar da ya samu ita ce: ɗaure ta, sannan ka yi tawakkali. Abin da hannu zai iya ɗaurewa a ɗaure shi. Abin da ya rage bayan nan, wanda ba igiyar da za ta kama shi, shi nake nufi.

Kuma abin da ya rage ɗin ba kaɗan ba ne. Uwa tana renon jariri ba ta san wane irin mutum zai zama ba. Malami yana koyar da yara arba'in bai san wanne ne zai riƙe karatun ba. Mai jinyar mahaifinsa yana juya shi cikin dare, yana gyara masa shimfiɗa, alhali likita ya riga ya gaya masa kwanakin sun ƙarato. Da za ka tsayar da shi ka ce me wannan wahalar za ta haifar, kallon mamaki zai yi maka, ya koma ya ci gaba da shafa wa tsohon mai a ƙafa.