Tsayawar da ba mutuwa ba ce

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Jiya bayan La'asar na tsaya shan fura a bakin kasuwar Daura, ina kallon 'yar Fillo tana kwaso kindirmo da ludayi, mai kauri har yana maƙalewa a gefen ƙwarya. Madarar da aka tatso da zaƙinta ta wayi gari da tsami, domin bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, sun ci sukarin da ke cikinta, wanda ake kira laktos. Sai na tuna da wani abu game da cin abincin waɗannan halittu.

A shekarar 1941, wani masani ɗan Faransa, Jacques Monod, ya bayyana abin da ke faruwa idan aka haɗa wa bakteriya sukari iri biyu a mazubi ɗaya. Misalin da ya fi shahara shi ne na E. coli, wata bakteriya mai zama a hanjinmu, idan aka ba ta gulukos da laktos tare. Ba ta cin su lokaci ɗaya. Gulukos take fara ci, saboda ya fi sauƙi, tana ta hayayyafa har ya ƙare, sa'an nan ta tsaya cak, ga laktos kewaye da ita amma kamar babu. Mai kallo zai ce tata ta ƙare, alhali a wannan shirun ne take ƙera abin da zai shigo mata da laktos da kuma sinadarin da zai raba shi gida biyu. Umarnin ƙera su yana rubuce a cikinta tun farko, a rufe, har ranar buƙata. Binciken wannan rufewa da buɗewa ya kai Monod da abokin aikinsa François Jacob ga kyautar Nobel a 1965, tare da André Lwoff.

Da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa, alaihis salam, wane ne Ubangijinsu, shi da ɗan'uwansa Haruna, sai ya ce shi ne wanda ya bai wa kowane abu halittarsa, sa'an nan ya shiryar (Ɗa Ha, aya ta 50).

To, ɗan'uwana da aka sallama daga aiki, ko jarinka ya karye, na ga yadda wasunmu ke kwana a kan benci a majalisa suna cewa ƙofa ta rufe, har su fara munana wa Allah zato. Wannan halitta ba ta da hankali, amma ba ta zaman makokin gulukos. Tashi ka je wurin Malam Tela ko maƙerin unguwarku, ka ce ka zo koyo, ko da furfura ta fara fito maka.